Mudu Ɗaya a Sama

Ƙarfe huɗu na asuba a Keflabik,
ƙanƙara na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Bergljot ta ture kofin gahawa gefe,
ta karanta nauyin iskar daren:
ɗari tara da sittin da takwas.

Da ubanta na raye, yau ba zai kwance kwalekwale ba.
Yakan ɗan bugi gilashin ma'auni da farce,
ya harari allura,
ya koma ya ja bargo.

Amma jirgin kaya ya riga ya bar ƙasa,
cikinsa fal ɗanyen kifi,
hancinsa na huda gajimare.
Ta ba shi hawa na tasa'in, ya tsaya nan.
A hawa na ɗari akwai wani mai shigowa,
mutum ɗari da sittin, yawancinsu na barci,
wata jaririya ta kama kunnen uwarta.

Ƙafa dubu ce tsakaninsu.
Ba katanga, ba igiya,
magana ce kawai aka yarda da ita.

A ƙasa kowane gari da mudunsa.
In an haura ƙafa dubu bakwai
sai a murɗa ɗan maɓalli,
kowa ya auna da mudu ɗaya:
dubu da goma sha uku.
Mai kifi bai murɗa ba.
Agogonsa bai yi masa ƙarya ba,
tambayar jiya yake amsawa.

Tasa'in da ɗaya, in ji allo.
Da biyu.
Da huɗu.

Bakinta ya bushe, muryarta ba ta rawa.
Tsaya da hawa. Sauko tasa'in yanzu.
Duba ma'auninka, dubu da goma sha uku.
Na sama ta karkatar da shi dama.

Shiru.
Tsawon haɗiyar yawu.

Sai muryar namiji, a shaƙe:
Muna saukowa. Afuwa.

Ɗigo biyu suka gifta juna a kan allo,
kowanne ya tafi da sunansa.
Jaririyar ba ta saki kunnen ba.

Bergljot ta rubuta lokaci, ta rubuta lamba,
alƙalamin ya ɗan huda takarda.
Gahawa ta huce.
Kafin ta kira jirgi na gaba,
ba tare da ta sani ba,
ta ɗan bugi gilashin allo da farce.