Farantin Argiro

Daren ƙarshen shekara a Kalamata,
yayyafi na ɗiga daga ganyen zaitun,
aka ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu, a hankali,
bugun mai fatan a ce ba kowa.

Argiro ce.
Shekara shida ko gaisuwa ba ta haɗa mu,
tun da saiwar ɓaurenta ta tsaga mini katanga
na furta abin da ba ya komawa baki.
Ta miƙo faranti a lulluɓe da adiko.
"Da zafinsa," ta ce. "Farantin kuwa ina so."
Ta juya, silifas ɗinta na watsa ruwa.

Na buɗe a kan tebur.
Kek ne, gefe guda ya ƙone,
tandarta har yau tana cin ɓangaren hagu.
Ƙamshin ɓawon lemo ya cika ɗakin,
ya shiga lungunan da na daina sharewa.
Ta rubuta shekarar da garin sukari,
lambar ƙarshe ta karkace kamar mai neman zama.

A nan garin ana ɓoye sulai a cikin ƙullun,
wanda ya tsinta, shekara tasa ce.
Na ɗauko wuƙa, ni kaɗai, na bi al'ada.
Yanka na fari na gida.
Na biyu na Fotini, wadda kujerarta ke jingine da bango.
Na uku na Lefteris da ke can Jamus,
mai kira ran Lahadi, in bai manta ba.
Na huɗu nawa.
Na tauna sannu, haƙori na laluben ƙarfe.
Babu.

Saura ɗan siriri, ta wajen ƙunar.
Na ce, to, na mai ɓaure,
na faɗa ciki-ciki, kada bango ya ji.
Wuƙa ta ce ƙyas.

Na daɗe a tsaye.
Wa zai sani in na musanya?
Agogo ne kawai shaida, shi ma yana latti.

Jiragen ruwa suka fara busa a tasha.
Na naɗe yankan, na sa kwat a kan rigar barci,
na ƙara lemo uku daga bishiyata,
don ba a mai da faranti da yunwa.
Taku goma sha ɗaya ne tsakaninmu.
Ban taɓa ƙirgawa ba sai yau.