Wankin Kuza

Ruwan Agusta na dukan kwanon ɗakinmu a Gangare.
An ɗauke wuta tun magariba,
ni da Nanret muna kan tabarma ɗaya, fitila ɗaya.
Tambayar gajeriya ce, sai ka ce ba ta da ƙaya:

"Duk wanda ya sha rijiyar nan ya kwanta da zazzaɓi.
Talle ya kwanta da zazzaɓi.
Me za a iya cewa?"

Na ce, ya sha rijiyar mana!
Na zagaye amsa har biro ya huda takarda.

Nanret ta leƙo, bakinta cike da gasasshiyar masara,
ta ce, "Wa ya gaya miki?
Sauron garin hijira ya yi?"

Na koma na bi layin da yatsa.
Babu inda aka kai Talle bakin rijiya.
Ni na ɗora masa guga,
ni na shayar da shi.

Kakata Tabawa ta yi wankin kuza a Bukuru
har ruwa ya cinye mata farce.
Takan juya ƙwarya a hankali, yashi na tafiya,
ta ce, "Ba duk baƙi ne kuza ba, 'yar nan.
Ido na da gaggawa.
Bari hannu ya ji nauyi."

Yanzu haka nake wanke sakin layi.
"Wasu" ba "duka" ba ne.
"Galibi" ya bar ƙofa a buɗe.
"Sai dai" kuwa ƙaramar tsakuwa ce a cikin shinkafa,
wadda ta karya min haƙori sau uku a makon jiya.

Sau uku kuma aka ba Baba maganin cizon sauro
saboda jikinsa da zafi,
alhali ciwon na can ƙasan haƙarƙari yana cin tuwonsa.
Ya faɗa. Na ji shi da kunnena.
Mai duba shi ya riga ya zagaye amsa.

Wata rana, in Allah ya yarda, a asibitin Lamingo
wani tsoho zai zauna gabana ya fara da "Wato, likita..."
Ina so in iya jira ya kai aya.

Fitila ta fara lumshe ido.
Nanret ta kunna ta wayarta, ta miƙo min rabin masarar.
"Ta goma," in ji ta.
"Karanta da ƙarfi. Kuma ki bar Talle ya huta."