Mai Ƙanƙara a Ijede

Babana Korau bai yi boko ba,
amma ya san nauyin buhun siminti,
ya san yadda rodi ke ƙona tafin hannu da azahar.
A bayan tirelar shanu ya sauko daga Kontagora
lokacin da ake kafa tashar Egbin,
Yarbancinsa bai wuce “zo” da “tafi” ba.

Ya ce da suka iso,
sauro ne mai gari, kwalekwale ne mota,
ruwan zartsi na lasar ƙafar leburori.
Tukwane shida muka girka, in ji shi,
kowacce sai ka riƙe hula kafin ka ga bakinta.
Na ce, Baba, me ake dafawa?
Ya ce, ruwa.
Na ce, da me?
Ya ce, ruwa zalla, ’yar nan. Tururin ake so.

Na yi dariya ranar.
Wane gida ne za a hura murhu dare da rana
ba a tuƙa ko tuwon mutum ɗaya ba?

Sai da na girma na gane girkin.
Gas na biyo bututu daga can ƙasar mai,
ta ƙarƙashin gonakin rogo
da garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba,
ya zo ya kama, ruwa ya tafasa,
tururi ya fusata ya tura farfela,
farfela ta juya,
sai ga fitila a ɗakin haihuwa a Ikeja,
sai ga injin niƙan Iya Morenike ya yi tari ya tashi,
sai mai aski a Agege ya ƙarasa rabin kan da ya bari.

Ni kuwa ƙanƙara nake sayarwa.
Firji uku, ɗaya na haya.
Duba abin mamaki:
a ƙona iska a can, ruwa ya daskare a nan.
Masu kifi na zuwa tun asuba da bahonsu,
ba ruwansu da tarihi,
su dai su ƙwanƙwasa leda su ji tauri.

Manyan wayoyi ta saman rufinmu suka wuce,
suna gurnani kamar cikin mai azumi,
sun nufi unguwannin da ba a san sunan Korau ba.
Wani dare mu samu, wani dare mu leƙa.
A ce gas ya yi ƙasa.
A ce an fasa bututu.
A ce bashi ne tsakanin manya.
Jarina dai ya narke, ya bi kwata,
takardar kuɗin wuta kuma ba ta taɓa makara ba.

Bayan ginin, gadi ya yi musu,
har ƙugin injin ya cinye masa kunnen hagu.
Daren da ya cika, babu wuta a layinmu.
Da tocila aka yi masa wanka.
Baba Oyewole, abokin aikinsa, shi ya riƙe ta,
hannunsa na rawa, hasken na rawa,
ta taga kuma tashar tana can tar, kamar gidan biki.

Liman ya ce, Allah Ya tsare shi daga wuta.
Muka ce amin.
Ba a shafa ba yaran layi suka kaure da ihu:
An kawo wuta! An kawo wuta!
Innata ta toshe baki da mayafi,
har yau ban san kuka ta ɓoye ko dariya ba.

Jiya ƙarfe biyun dare fanka ta motsa.
Na tashi, na laluba takalmi,
na hau ɗura ruwa a leda,
ɗari da arba’in kafin kiran farko.
Ɗana ya farka yana murza ido,
ya ce, Umma, wa ya kawo?

Na ce, riƙe min bakin ledar nan.