Ƙasan Kwando

Da asuba a Farin Gada
sanyi kan riƙe yatsuna kamar mai bin bashi.
Motar Bokkos ta sauke buhuna,
ni kuma na durƙusa ina jera dankali.

Shekara tara ina jera shi iri ɗaya:
manya a sama, fuska a wanke,
ƙanana, da masu saran fartanya,
da waɗanda tsutsa ta riga kowa ɗanɗanawa,
can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.
Kowa haka yake yi, in ji zuciyata,
kasuwa ai ba coci ba ce.

Ran Lahadi kuwa, zanen Zumunta,
ɗankwali ya zauna daram,
muryata ta danne ta kowa a layin gaba.
Fasto ya ce, "Kangyang, ke ce ginshiƙinmu."
Na sunkuyar da kai,
jama'a suka ɗauka tawali'u ne.

Sai wata Asabar na zo da Nvou,
autata, ko haƙoran gaba ba ta gama mayarwa ba.
Na je neman canji, na dawo,
na tarar ta cika kwando ita kaɗai.
Ruɓaɓɓu a ƙasa. Kyawawa a sama.
Ko ni ban fi ta iyawa ba.
Ta ɗago kai tana jiran yabo:
"Mama, duba, na iya!"

Ban taɓa koya mata ba.
Addu'ar barci na koya mata, da ta cin abinci,
wannan kuwa da ido ta ɗauka,
kamar yadda riga ke ɗaukar hayaƙin murhu.

A daren nan, a ɗakinmu na Kabong,
na kasa haɗa ido da rufin kwano.
Na tuna kakata a bakin ramin kuza a Bukuru,
ruwa har gwiwa, ƙwarya a hannu,
tana juyawa, tana juyawa,
yashi na tafiya, baƙin nauyi na zama.
Takan ce abin da ruwa ya kwashe
dama can ba dukiya ba ne.

Na ce, Yesu, ga ni a ƙwaryarka.
Na yi baftisma tun ina budurwa,
amma ruwan bai kai ƙasan kwandona ba.
Juya ni.
Kada ka gaji da juyawa.

Ran Litinin na zazzage kwando gaban mai saye,
na ce, "Ga shi duka, wannan kashin ragi ne."
Ta dube ni kamar mai sabon ciwo.
Maƙwabciyata Rifkatu ta yi dariya har da tafi:
"Za ki ci tsarki da miya, ko?"

Ba zan yi ƙarya ba, riba ta rame.
Kuɗin makaranta ya yi lattin wata guda,
nama ya zama baƙon Kirsimeti.
Ba a buɗe mini wata taga a sama ba,
ba mala'ikan da ya zo sayen buhu goma.
Barci dai ya dawo,
kuma in na rera waƙa, ba ta maƙale mini a wuya.

Har yau hannuna bai gama tuba ba.
Shekaranjiya na kama shi
yana tura wani mai tabo ƙarƙashin 'yan'uwansa.
Na tsaya. Na zaro shi. Na ɗora a sama.
Ba wanda ya gani sai Mai gani.

Ashe girma cikin Ubangiji
ba ya ƙara irin na gangar Zumunta.
Irin na dankali ne:
a cikin duhu, a ƙarƙashin ƙasa,
shiru, kaɗan-kaɗan,
ba ka sanin abin da ya yi sai ranar tono.

Gobe Asabar.
Nvou ta ce za ta biyo ni.
Na ware mata kwando biyu.