Fari da Ja a Hawa na Huɗu

Shagona yana hawa na huɗu a Gamarra,
inda kekunan ɗinkin Lima ke riga zakara tashi.
Tebur shida, raga goma sha ɗaya,
da tanda guda mai tarin tsufa.
A watan Yuli sama ba ta ruwa, ba ta kuma barinmu mu bushe.
Laima kan kwana a bango,
tawadar ruwa ta wuni a kan riga tana shawara.

Mahaifina ya bar mini shagon da bashinsa,
ya bar mini Eusebio mai tawada.
Shekara ashirin da uku yana hawo benen nan
da bokitin fari a kafaɗa.
Farinsa kamar kindirmo:
shafa ɗaya, a busar, shafa ta biyu,
baƙar riga ta yi shiru a ƙarƙashi.
Sai dai tsada!
Bana ya ce dala ce, bara ya ce jirgin ruwa.

Sai ga Wilmer, yaro da babur,
ya dire gwangwani uku a teburina.
"Doña Casilda, rabin kuɗi. Biya sai ƙarshen wata."
Na buɗe, na shinshina, na dangwala da yatsa.
Ido ya ce to.
Aljihu ya riga shi faɗa.

Riga ɗari uku ta 'yan makaranta,
jan yadi, farin tambari.
Ranar Juma'a suka fita fes.
Ranar Laraba shugabar makarantar ta hawo,
fushi ya hana ta haki,
ta shimfiɗa guda a gabana.
Jan yadin ya tsattsafo cikin farin,
tambari ya koma ruwan hoda,
ya daddare kamar faso.

Araha ba ta ado, wa bai sani ba?
Sani daban, biyan riga ɗari uku daban.

Daren nan ban je gida ba.
Ni da Fidencio, yaron aikina, muka yanka ƙyallaye,
kowace tawada da ƙyallenta, da sunanta a gefe.
Muka gasa, muka ja har yadi ya yi ƙara,
muka wanke sau goma da sabulun sanda,
muka karce da farce.
Bakin dillali zuma ne,
ruwan wanki kuwa bai da aboki.

Farin Wilmer ya zube tun wanki na uku.
Wannan na zata.
Abin da ban zata ba,
jansa ya tsaya cak, rawayarsa ma haka,
jan Eusebio ne ya koɗe, ya bar ni da kunya.
Ga wata kuma: duk ƙyallen da ya bi hagun tanda
ɗanye ya fito.
Ashe laifin har da gidana.

Na kira Wilmer, wayarsa ta yi ta kuka kwana uku.
Na huɗu ya zo, kai a sunkuye,
ya kwashe farinsa, ya maido rabin kuɗi.
Eusebio ban kira shi ba, labari ne ya kai masa.
Ya zo da ma'aunin zafi a aljihu,
ya durƙusa gaban tandar, gwiwa na ƙara,
ya ce, "Waya ɗaya ta mutu, 'yata."
Bai karɓi ko sol guda ba.

Yanzu fari na tsoho, ja na yaro.
Kowane murfi ina rubuta masa kwanan wata,
ba ya taɓa rigar kowa sai ya sha wanki goma.

Jiya Eusebio ya huta sau biyu kafin ya iso.
Ya sauke bokiti, ya ga gwangwanin Wilmer a kanta.
Bai ce komai ba.
Ya dai juya fuskar gwangwanin ta kalli bango,
ya tambaye ni ko akwai sauran kofi.