Ƙwaya ta Huɗu

Aikin dare nake yi
a gidan tsofaffi da ke hanyar Asokore Mampong.
Gado ashirin da uku, mu biyu:
ni da Afriyie, mai ɓoye ciwon bayanta
don kada a ce ta huta a gida.

Ƙararrawar ɗakuna ta mutu tun watan azumi.
Na rubuta a littafi. Na sake rubutawa.
Da na gaji, sai na raba wa kowa cokali da kofin silba:
mai bukata ya buga.
Yanzu kunnena ya san hannun kowa.
Bugu uku a jere, Maame Serwaa ce, ƙishirwa.
Ɗaya tak, sannan shiru,
Malam Sallau ne, yana jin nauyin
abin da ya sami zanen gadonsa.

Baba Dantani ba ya bugawa.
Shekara arba'in ya yi yana ƙirga goro a Kumasi,
ƙwarya bayan ƙwarya, a shimfiɗa ganye, a ɗaure huhu,
mota ta ɗauka ta yi arewa.
Ya manta sunan 'yarsa da ke biyan kuɗin gadon daga Jamus,
ya kan manta ko ya ci tuwo,
amma lissafi bai bar yatsunsa ba.

Daren Laraba wuta ta ɗauke.
Janareta ya yi tari biyu ya kwanta.
Ruwa na dukan kwano, kofuna uku na kira lokaci guda,
ni kuwa fitilar waya a baki,
ina rabon magani da sauri.

Na zuba masa a tafi.
Bai kai baki ba.
Ya bi su da babban yatsa, ɗaya-ɗaya,
yadda ake laluben goron da tsutsa ta shiga,
ya ce, "Yarinya, kin yi mini gyara.
Uku nake karɓa.
Wannan ta huɗun ta wace ce, ko ta wane ne?"

Na haska.
'Yar fara ce, ta ciwon suga, ta Malam Sallau.
Robobi biyu iri ɗaya,
tawadar sunan ta goge da gumin hannu.
Gwiwata ta yi sanyi har ƙasa.

Ya miƙo mini ita, ba faɗa, ba harara:
"In ƙirge ya wuce, mayarwa ake yi.
Hakkin wani ne."

Afriyie ta ce ba wanda ya gani.
Na ce an gani.
Da asuba na rubuta, da sunana a ƙasa,
hannuna na rawa kamar na waɗanda nake shayarwa.

Manaja ya karanta a tsaye, ya tsuke baki.
Ranar Juma'a masu dubawa za su zo.
Aka shafe bango da fenti,
aka aro tukwanen fure daga maƙwabta,
aka tattara kofunan silba aka kulle a sito.
Sun zo, sun duba kwanan wata a jikin tukunyar kashe gobara,
sun yaba da tsabtar tayil,
tayil ɗin da ya karya ƙugun Hajiya Ladidi bara.
Ba wanda ya tambaya hannu nawa ke kwana a nan.

Da suka tafi na buɗe sito na mayar wa kowa kofinsa.
Na sayi alƙalami mai kauri a Kejetia, da kuɗina,
na rubuta sunaye manya-manya
yadda ko a duhu za su yi magana.

Yanzu kowane dare nakan tsaya a gefen gadonsa,
ko kofi nawa ke kuka,
sai ya gama: ɗaya, biyu, uku.
Ya gyaɗa kai, ciniki ya faɗa.

Abin da ke hana ni barci in na koma gida Aboabo
ba gajiya ba ce.
Jiya ya kai biyu, ya tsaya,
ya daɗe yana kallon tafinsa
kafin ukun ta zo.