Giya Ɗaya

A kasuwar Garwa, rumfar Bakari,
kekuna sun jeru kamar awakin sayarwa.
Ya jawo mini mai giya bakwai.
Na ce, "Baki bakwai, wa zai ciyar da su?
Duk a hannun mai gyara za su ƙare."

Can a lungu ga wani baƙi,
sarƙa ɗaya, magana ɗaya.
Na ɗaga ƙafar baya, na murza feda,
na kasa kunne: ba tari.

Ya ce sefa dubu hamsin.
Na taya da kuɗin albasar bana.
Muka rabu a arba'in, da gyaran ƙararrawa.

Hawan gadar Binuwai ya tambaye ni giya.
Na miƙe tsaye kan feda,
cinyoyina suka amsa.